Ka Sayar Wa Dila Mota Ya Riƙe Maka Ciko: Wace Ƙofa Za Ka Buga?

A cikin 'yan watannin nan, sau uku ana yi mini sallama da magana iri ɗaya, kuma dukkan masu sallamar dattawa ne waɗanda ba su saba da hawa matakalar kotu ba. Kowannensu ya kai motarsa filin dilolin mota saboda wata lalura da ta taso masa, an ba shi wani abu a hannu, an ce ya dawo ranar kaza ya karɓi ciko, daga nan sai zirga-zirga ta fara: yau a ce Alhaji ya tafi Kwatano, gobe a ce wanda ya ɗauki motar bai gama biya ba, jibi a tarar da waya a kashe. Wanda labarinsa ya fi tsaya mini a rai wani maƙwabcina ne, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, wanda ya kai Peugeot 406 ɗinsa domin ya biya kuɗin aikin da likita ya ce za a yi wa maiɗakinsa. Aka yi ciniki a kan naira miliyan 3 da dubu 200, aka ba shi miliyan ɗaya da dubu 300, ya miƙa makulli da dukkan takardun mota, ya hau adaidaita sahu ya dawo gida da alƙawarin mako biyu. Wata huɗu bayan nan, da ya leƙa filin, babu motar, babu cikon, babu kuma ko guntuwar takarda da ke nuna abin da aka yi a tsakaninsu.

Ba abin mamaki ba ne irin wannan rikici ya yawaita a wannan zamani. Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka sanar da janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta zarce naira 1,000 a wurare da dama. Ma'aikata da 'yan fansho masu yawa sun jingine motocinsu, wasu kuma suka kai su kasuwa. Mai sayarwa cikin matsi ba shi da ƙarfin ciniki, domin dila ya san agogon asibiti ko na makaranta na bugawa a kansa. Ina so in faɗa tun da wuri cewa akasarin dilolinmu mutanen kirki ne da ke riƙe da amanar miliyoyi da fatar baki kawai, kuma da ba don su ba da mai mota ya sha wahalar neman mai saye. Sai dai wake ɗaya shi ke ɓata gari, kuma tun da can Bahaushe ya san wata dabbar daji mai wannan suna, wadda ya yi wa laƙabi da malamin daji saboda wayonta.

Abin da maƙwabcin nawa ya fara yi shi ne abin da kusan kowa ke yi: ya nufi ofishin 'yan sanda. Aka ɗauko dilan, ya yini a bayan kanta, 'yan uwansa na kasuwa suka zo suka yi belinsa, aka rubuta alƙawarin zai biya, aka watse. Malam ya kashe kuɗin mota da na "a sa mai", ya kuma ƙara wa kansa gaba, amma ko sisi bai shigo aljihunsa ba. Ra'ayina, wanda a kansa na gina wannan rubutu, shi ne: mutumin da dila ya riƙe wa kuɗi yana da ƙofofi da dama da doka ta buɗe masa, amma wadda ya fi gaggawar bugawa ita ce mafi ƙarancin amfani gare shi, kuma ba zai san wadda ta dace ba sai ya amsa wa kansa tambaya guda tun kafin ya bar gida.

Bari mu fara kawar da batun 'yan sanda. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, a sashe na 32, ta hana a kama mutum saboda saɓa yarjejeniya ko wani haƙƙi na tsakanin mutum da mutum kawai. Haka nan sashe na 8 na Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta 2015 ya tanada, jihohi kuma sun yi nasu dokokin a kan wannan tafarki. Kotun Ƙoli ma, a wani hukunci na 2018, ta nanata cewa hukumar EFCC ba hukumar karɓar bashi ba ce. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wanda aka tsare saboda bashi yana iya zuwa Babbar Kotu ya nemi diyyar tauye masa haƙƙi, ba daga 'yan sanda kaɗai ba, har da wanda ya kai shi, kuma kotuna sun sha bayar da irin wannan diyya. Wato mai bin bashin miliyan biyu yana iya wayar gari shi ake bi. Mafi muni daga wannan shi ne a ɗebi matasan unguwa a je a janye mota daga fili da ƙarfin tuwo, domin a nan mai gaskiya ya mayar da kansa mai laifi da hannunsa.

To, wace tambaya ce wannan? Ita ce: sayar masa da motar ka yi, ko kuwa ba shi ka yi ya sayar maka? A bakin kasuwa abubuwan biyu sun yi kama, har ma akan cakuɗa su da gangan. Dila zai ce, "Alhaji bar ta a nan, ga wannan ka rage zafi, in ta shiga sai mu daidaita." Wannan magana tana iya zama ciniki da kafin alƙalami, tana kuma iya zama wakilci da rance. A gaban alƙali kuwa, tazarar da ke tsakaninsu kamar ta sama da ƙasa ce. Idan ciniki ne, motar ta zama tasa, abin da ya rage maka a wurinsa bashi ne. Idan wakilci ne, motar tana nan taka har ranar da aka sayar, kuɗin da aka sayar da ita kuma naka ne, amana ce a hannunsa, la'adarsa kawai ke nasa. Mai cin bashi ana ƙararsa a biya. Mai cin amana ana iya ɗaure shi.

Mu ɗauki na farko, wato ciniki. Dokar da ke kula da saye da sayarwa a kotunan da ba na Shari'ar Musulunci ba, asalinta dokar Ingila ce ta 1893, wadda muka gada tare da sauran dokokin da ke aiki a can ranar 1 ga Janairu, 1900, wasu jihohin kuma sun yi nasu da aka kwaikwayo daga gare ta. A ƙarƙashinta, idan aka ƙulla ciniki a kan wani abu sananne kamar mota ba tare da wani sharaɗi ba, mallaka tana komawa ga mai saye a daidai lokacin da aka ce an sallama, ko da ba a biya ko kwabo ba. Muddin motar na hannunka, kana da ikon riƙe ta har a biya ka. Da zarar ka miƙa makulli, wannan iko ya tafi, abin da ya saura shi ne ka yi ƙarar neman kuɗinka. Ba za ka ce a dawo maka da motar ba don kawai an yi maka jinkiri, sai fa in tun farko an rubuta cewa mallaka ba za ta koma ba sai an cika kuɗi, abin da dokar ta yarje wa mai sayarwa ya gindaya. Wannan jimla guda, da Malam ya rubuta ta, da ta sauya matsayinsa ƙwarai.

Na biyu shi ne wakilci, abin da aka fi yi a filayen motocinmu. A nan dila ba ya da ikon taɓa kuɗin da ya karɓo, balle ya juya su ya sayo wata motar da sunan "kasuwa ce ta tsaya". In ya yi haka da niyyar cuta, ya faɗa cikin abin da kundin Final Kod na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya kira cin amana a sashe na 311, sashe na 312 kuma ya tanadi ɗauri har na shekara bakwai. Jihohin da suka sabunta kundinsu sun sauya lambobin sassan, amma laifin na nan daram. Haka kuma idan tun farko da ƙarya ya karɓi motar, misali ya ce akwai mai saye a ƙasa alhali babu, wannan zamba ce. A irin wannan hali ne kaɗai zuwa wurin 'yan sanda, ko shigar da ƙorafi kai-tsaye a kotun majistare, yake da tushe, kotun kuma tana da ikon ta umurci a biya wanda aka cuta diyya bayan hukunci.

Sai dai akwai wani ɗaci a nan da ya kamata mai karatu ya haɗiye. Wanda ya ba dila mota ya sayar masa, dilan ya sayar ya cinye kuɗin, ba lallai ne ya iya karɓo motar daga hannun wanda ya saya ba. Wata dokar Ingila ta 1889 da muka gada ta tanadi cewa idan dillalin da sana'arsa ke nan yana riƙe da kaya da yardar mai su, ya kuma sayar kamar yadda aka saba ga mutumin da bai san da wata matsala ba, cinikin ya zauna. A 1923 an yi wata shahararriyar shari'a a can, wadda lauyoyi ke kira Folkes da King. Mai mota ya ba dillali motarsa da sharaɗin kada ya sayar ƙasa da fam 575, dillalin ya sayar fam 340 ya cinye, kotu ta ce wanda ya saya bisa gaskiya ya mallaka, mai motar ya je ya nemi dillalinsa. Abin da kan ceci mai mota shi ne takardu, domin kotunan can sun yi hukuncin cewa sayar da tsohuwar mota ba tare da takardar rajistarta ba ya saɓa wa yadda aka saba ciniki. A ƙasarmu ma, wanda ya sayi mota babu asalin takardar mallaka da ta kwastan, da wuya ya gamsar da alƙali cewa bai ji ƙanshin komai ba. Saboda haka asalin takardun nan su ne linzamin da ke hannun mai mota, wanda ya miƙa su kafin a cika masa kuɗi kuwa ya saki linzami ya kama wutsiya.

Abin sha'awa shi ne, malamanmu na fiƙihu sun yi wannan rarrabewa tun ƙarnoni da suka wuce, kuma littattafan da alƙalanmu ke hukunci da su, irin su Risala da Mukhtasar da Tuhfa, sun yi bayaninta. A mazhabar Malikiyya wakili amintacce ne: idan ya ce ya miƙa maka kuɗin abin da ka wakilta shi ya sayar, asali maganarsa ake kamawa tare da rantsuwa. Amma wanda ya saya bashi, in ya ce ya biya, shi zai kawo hujja. Ka ga ke nan a kotun Shari'a kalmar "wakilci" tana iya zame wa mai mota takobi mai kaifi biyu in bai kafa shaidu ba. Haka kuma idan wanda ya saya ya tsiyace, alƙali ya hana shi taɓa dukiyarsa, mai sayarwar da ya tarar da kayansa yadda suke ya fi sauran masu bin bashi haƙƙi a kansu. Amma in mutuwa mai sayen ya yi, sai ya shiga layi tare da kowa. Sama da duk wannan, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umurni ce da a rubuta bashi a kuma kafa shaidu. Abin kunya ne a ce al'ummar da ke karanta wannan aya ita ce ke ganin neman rasit rashin yarda ne.

Akwai kuma wanda akan sallama da cek. In ka kai banki cikin wata uku daga ranar da ke jikinsa aka dawo da shi saboda babu kuɗi a asusun, to, Dokar Cek na Bogi ta 1977 ta mayar da wannan laifi, hukuncinsa ɗaurin shekara biyu babu zaɓin tara, sai dai in wanda ya rubuta ya nuna yana da dalili mai ƙarfi na zaton za a biya. Ko ba a bi ta hanyar laifi ba, cek ɗin da banki ya buga wa hatimi ya dawo da shi hujja ce mai ƙarfi a ƙarar neman kuɗi. Kuskuren da ake yi shi ne a riƙe cek a aljihu wata da watanni saboda dila na roƙon "a ƙara haƙuri", har wa'adin ya wuce.

Adalci ne kuma mu saurari ɗaya ɓangaren, domin sau da yawa dila ba ya cewa ba zai biya ba, cewa yake yi an ɓoye masa aibi: inji na shan mai, giya na zamewa, ko shekarar ƙirar ba ita ce aka faɗa ba. A nan dokar 1893 ta fi karkata ga mai mota, domin lamunin ingancin kaya yana kan wanda sana'arsa ce sayar da irin kayan, ba a kan malamin makarantar da ya sayar da motar hawansa ba, balle ga wanda ya zo da bakanikensa ya buɗe inji ya zagaya gari da ita. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. A 1957 kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta yi hukunci a shari'ar Oscar Chess da Williams, inda wani mutum ya ba diloli motarsa ƙirar Morris a matsayin ta 1948 kamar yadda takardarta ta nuna, bayan wata takwas aka gano ta 1939 ce, wani ne can baya ya yi wa takardar algus. Dilolin suka nemi bambancin fam 115, kotu ta hana su, bisa dalilin cewa su ne masana, su ya kamata su bincika. Irin wannan hukunci ba ya ɗaure alƙalanmu, amma suna ɗaukar haske daga gare shi. Sai dai wannan kariya ta mai gaskiya ce. Wanda ya san aibi ya yi ƙarya a kansa, ko ya murɗa lambar tafiyar mota baya, ko ya sayar da motar da takardar kwastan ɗinta ta jabu ce, doka ba ta tare da shi. Shari'ar Musulunci ma ta fi tsanani, domin ta haramta ɓoye aibi, ta kuma ba mai saye zaɓin mayarwa saboda tsohon aibin da bai gani ba, muddin bai ci gaba da amfani da abin ba bayan ya sani.

Idan mutum ya gane matsayinsa, sai ya bi ƙofofin daki-daki. Matakin farko shi ne tattara hujja tun kafin a fara faɗa: alat na banki, saƙonnin waya, muryoyin WhatsApp, hoton motar a filin, sunayen waɗanda aka yi ciniki a gabansu. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda da hujjar da ta fito daga waya ko kwamfuta, in an cika sharuɗɗansa, don haka kada a goge saƙo cikin fushi, kada kuma a sayar da wayar. Mataki na biyu shi ne takardar neman biya, mai ɗauke da adadi da wa'adi, a kai a sa hannu an karɓa. Na uku shi ne sulhu, kuma sulhu alheri ne. Shugabannin ƙungiyar diloli na filin sukan iya abin da sammaci ba ya iyawa, domin ɗan kasuwa ya fi tsoron zubewar mutunci a gaban abokan sana'arsa. A Kano akwai Hukumar Hisba, akwai kuma zauren sasanci na Babbar Kotu da aka buɗe a 2009, irin wanda Legas ta fara a 2002. Abin lura kawai shi ne, sulhun da bai shiga takarda ba hira ce. Wanda aka yi a zauren kotu, alƙali ya sa masa hannu, ya zama hukunci da za a iya zartarwa. Wanda aka yi a gindin bishiya kuwa, a rubuta shi, a sa ranakun biya, shaidu su sa hannu, domin ko bai biya ba, ya riga ya amsa bashin da alƙalaminsa.

In sulhu ya ci tura, sai kotu. Ga wanda cikonsa bai taka kara ya karya ba, akwai kotun ƙananan basussuka, wadda Legas ta fara a 2018 da iyakar naira miliyan 5, Kano ta bi sahu a 2019, wasu jihohi da dama kuma suka biyo baya, kowacce da iyakar da ta sa. An tsara ta ne domin mutum ya tsaya wa kansa ba sai da lauya ba: ya cika fom, a ba wanda ake bi wa'adin kwana 14, in bai biya ba a yi sammacinsa, kuma ƙa'ida ita ce a gama shari'ar cikin kwana 60. Idan ɓangarorin biyu Musulmi ne, kotun Shari'ar Musulunci ma a buɗe take, tana da sauƙin kuɗi, ana kuma magana da harshen da kowa ke ji. Sai dai a sani cewa sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya taƙaita hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga al'amuran aure da gado da wasiyya da makamantansu, don haka manyan kotuna suka sha rushe hukuncinta a kan ciniki. Wanda zai ɗaukaka ƙara a irin wannan batu, Babbar Kotun Jiha ce hanyarsa. Idan kuwa kuɗin masu yawa ne, sai Babbar Kotu tun farko, inda lauya zai iya neman hukuncin gaggawa bisa takardar rantsuwa in akwai cek ko rubutaccen iƙirari, ba tare da doguwar shari'a ba.

Abubuwa uku ne ke kayar da masu gaskiya a wannan mataki. Na ɗaya, ƙarar wanda bai dace ba. Yaron da ya karɓi makulli daban, mai filin daban, kamfanin da sunansa ke kan allo daban. In kamfani ne mai rajista a matsayin "limited", shi ake ƙara da sunansa, kuma ana iya duba rajistarsa a shafin Hukumar Rajistar Kamfanoni ta intanet. In ɗan kamasho ne da ya raɓe a filin wani, shi ne abokin shari'arka. Na biyu, jinkiri. Dokokin ƙayyade lokaci sun ba mai bin bashin ciniki shekara shida a wasu jihohi, biyar a wasu, in sun wuce ƙofa ta rufe. Tun kafin nan ma hauhawar farashi ta gama da kuɗin, domin kotu adadin da ake bi take bayarwa, ba darajarsa ta ranar ciniki ba. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 a watan Mayun 2023 ta haura 1,500 a Fabrairun 2024, farashin motoci kuma ya bi ta. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Na uku, zaton cewa hukunci shi ne kuɗi. Bayan hukunci sai an koma an nemi kotu ta sa ma'aikatanta su kama kadarar wanda ake bi a yi gwanjonta, ko ta umurci bankinsa ya biya daga asusunsa. A nan ne lambar asusun da aka turo maka kafin alƙalami daga cikinta take yin rana.

Mai karatu zai so ya ji yadda ta kaya da Malam. Abin da ya cece shi wata murya ce da dilan ya aiko masa ta WhatsApp, yana rantsuwa cewa ya san saura miliyan ɗaya da dubu 900, kuma ba zai kai ƙarshen wata ba. Da wannan murya da alat ɗin banki wani tsohon ɗalibinsa lauya ya rubuta masa takardar neman biya, aka shigar da ƙara, ranar zama na biyu dilan ya nemi a sasanta, aka raba kuɗin gida huɗu, alƙali ya sa hannu. Malam ya karɓi kason ƙarshe wata goma sha huɗu bayan ranar da ya miƙa makulli. Aikin maiɗakinsa kuwa da rancen 'yan uwa aka yi shi, kuɗin da ya karɓa a ƙarshe kuma ba za su sayi rabin irin motar da ya rabu da ita ba. Ya yi nasara a kotu, amma ni ban iya kiran wannan riba ba.

Shi ya sa nake ganin maganin gaskiya yana gaban ciniki, ba bayansa ba. Takarda guda ta isa: sunayen ɓangarorin biyu, ƙirar mota da lambarta da lambar shasi da ta inji, a faɗa ɓaro-ɓaro ciniki ne ko wakilci, nawa ne farashi, nawa aka bayar, yaushe za a cika, nawa ne la'ada, a lissafa aibin da aka sani ɗaya bayan ɗaya, a rubuta cewa mota ta mai ita ce har a cika kuɗi, shaidu biyu su sa hannu. A bar wa dila kwafin takardu, asali ya kwana a gida. A karɓi kuɗi ta banki, domin ban da kasancewarsa hujja, dokar hana safarar kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar da ta wuce naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba. Kada a yarda da hoton rasit a wayar wani, a duba asusu da ido. Bayan an cika, a tabbatar an yi canjin mallaka, domin motar da ke yawo da sunanka da lambarka, duk abin da aka aikata da ita ƙofarka za a fara bugawa.

Daga ƙarshe, ina kira ga ƙungiyoyin dilolin mota da su buga fom guda na bai-ɗaya da Hausa, da boko da ajami, wanda babu motar da za ta kwana a fili sai an cika shi. Wannan zai kare masu gaskiyarsu kafin ya kare kowa. Ina kira ga manyan alƙalan jihohinmu da su sa a fassara fom-fom na kotun ƙananan basussuka, a kuma yayata ta a gidajen rediyo, domin kotun da talaka bai san da ita ba tamkar babu ita ce. Ina kira ga kwamishinonin 'yan sanda da su hana ofisoshinsu zama rumfar karɓar bashi da kaso. Majalisun jihohi kuma su dubi dokar cinikin da muke aiki da ita, wadda aka rubuta a 1893, su kansu Turawan da suka yi ta sun maye gurbinta tun 1979. Mu kuma masu mota, mu daina jin kunyar cewa "a rubuta". Wanda zai biya ba ya fushi da alƙalami, wanda ya yi fushi da shi kuwa ya riga ya gaya maka abin da ke ransa, sai ka karɓi makullinka tun rana ba ta faɗi ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya tsare mu da cin haƙƙin wani, Ya kuma fitar wa kowa da nasa.